Damian Wayne ɗaya ne, ko kowane marubuci da nasa?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar littattafan zane na DC. Tambayata a kan Damian Wayne ce, ɗan Batman, wanda ya karɓi rigar Robin a 2009.

Duk wanda ya karanta Batman and Robin na Peter Tomasi da Patrick Gleason, wanda aka fara a 2011, zai ga yaro mai girman kai da kaifin baki, amma yana faman danne tarbiyyar kisa da aka yi masa a gidan kakansa Ra's al Ghul. Yana da kare, yana da mage, yana neman yardar ubansa ko da bakinsa ba zai furta ba. Sai kuma a buɗe Teen Titans na 2018, a tarar da yaron nan ya gina kurkukun ɓoye a ƙarƙashin masaukin tawagarsa yana tsare miyagu ba shari'a, abokansa ma ba su sani ba. A 2021 kuma ga shi a littafinsa na Robin yana karanta manga, wato littattafan zane na Japan, yana yin abokai, har da soyayya.

To wanne ne na gaskiya? Wasu na cewa girma ne, yaro dole ya canza. Wasu na cewa marubuta ne ba sa karanta abin da na gabansu suka rubuta. Ina son masana su nuna min ma'aunin da ake bambance canjin hali na gaskiya da kuskuren marubuci, da misali daga littattafan kansu.

Alƙalamin Zazzau ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Ɗan Fagge. Ma'aunin da ya fi aiki shi ne a tambayi abu ɗaya: darasin da yaron ke koya a wannan labari, ya riga ya koye shi a baya? Idan ya riga ya koya, me aka nuna a shafi da ya sa ya manta? Idan babu, marubuci ne ya mayar da shi baya don ya sami labarin da zai rubuta.

Sai an bi tarihin da tsari kafin ma'aunin ya fito. Damian ya bayyana a Batman fitowa ta 655 a 2006, rubutun Grant Morrison da zanen Andy Kubert, yana ɗan shekara 10. A wannan zangon farko ya sare kan wani mugu mai suna Spook ya kawo wa ubansa, yana zaton birge shi zai yi, ya kuma lakaɗa wa Tim Drake, Robin na lokacin, duka a cikin kogon Batman don ya ƙwace matsayinsa. Wannan shi ne tushe. Yaro ne da aka koya wa cewa daraja da jini ake sayenta.

Mataki na biyu ya zo a 2009, lokacin da ake zaton Bruce Wayne, wato Batman, ya mutu, Dick Grayson, Robin na farko, ya sa rigar Batman ya ɗauki Damian a matsayin Robin. A nan aka juya tsarin da aka saba: Batman mai fara'a, Robin mai ɗaure fuska. Abin da yaron ya koya a wajen Dick shi ne cewa akwai wanda zai yarda da shi ba tare da ya kashe kowa ba. Da mahaifiyarsa Talia ta nemi ya dawo gida ya ƙi, ita kuma ta ɗauke shi abokin gaba.

Mataki na uku shi ne ya fi muhimmanci ga tambayarka, domin a cikinsa akwai komawa baya da aka yi ta daidai. A fitowa ta 7 ta littafin Tomasi da Gleason, Damian ya kashe Morgan Ducard, wanda ake kira Nobody. Ya karya alkawari ke nan. Amma duba yadda aka gina shi: fitowa shida ana nuna Ducard yana hure masa kunne, ana nuna Bruce ya kasa magana da ɗansa sai da umarni, sannan kisan ya zo bayan Ducard ya azabtar da shi ya kuma yi barazanar dawowa kansu. Fitowa ta 8 kusan gaba ɗayanta a kan abin da ya biyo baya ce, uba da ɗa suna fuskantar abin da ya faru. An nuna sanadi, an nuna aikin, an nuna nauyinsa. Daga nan ne aka sami yaron da ke shiga magudanun ruwa na birnin Gotham yana neman lu'ulu'un sarƙar kakarsa Martha don ya ba ubansa. Da ya mutu a Batman Incorporated fitowa ta 8 a Fabrairun 2013, a hannun Heretic wanda kwafin halittarsa ne, ya mutu ne yana kare mutane. Bayan an dawo da shi a ƙarshen 2014, Gleason ya fara rubuta Robin: Son of Batman, littafi mai fitowa 13 a kan tuba, yaron yana bin wuraren da ya yi ɓarna yana mayar da abin da ya sata, tare da Maya, 'yar mutumin da ya kashe.

Yanzu ɗora kurkukun 2018 a kan wannan. Yaron da ya shafe littafi guda yana neman gafara saboda ya yanke wa mutane hukunci da hannunsa, shi ne zai tsare mutane a ɓoye, daga baya har a shiga sauya musu tunani da sihirin Djinn, 'yar tawagarsa? Ba na cewa ba zai yiwu ba. Ina cewa nisan da ke tsakani ya fi ƙarfin sanadin da aka bayar. Mutuwar mai gidan abincin da yake zuwa, wadda aka buɗe zangon da ita, abin baƙin ciki ce, amma yaron da ya ga kisa tun yana rarrafe, ya kuma ɗanɗani tasa mutuwar, ba wannan kaɗai ne zai rushe masa aikin shekaru ba. Nan ne nake ganin kuskure.

Ummu Hanan ta amsa:

Malam Alƙalami, tarihin da ka jero daidai ne, amma ban yarda da ma'aunin yadda ka kafa shi ba. Ka ɗauka cewa darasi idan an koya ya zauna ke nan. Ga babba ma ba haka ba ne, balle ɗan shekara 13 da aka horar da takobi kafin ya san wasa. Mai hali ba ya fasa halinsa dare ɗaya. Yaron da ya tashi cikin tsoro da horo mai tsanani yakan yi kyau muddin akwai babban da yake jingina da shi, idan aka janye babban sai tsohuwar ɗabi'a ta dawo. Marubucin da ya rubuta Damian yana hawa sama kullum ba tuntuɓe, shi ne ya yi ƙarya game da yara.

Duba waɗanda aka janye masa a jere. A 2018 aka harbi Dick a kai, ya rasa tunaninsa, ya daina amsa sunansa. Jon Kent, ɗan Superman, abokinsa tilo sa'ansa, ya bi kakansa Jor-El sararin samaniya. A Batman fitowa ta 77 a Agustan 2019 mugun nan Bane ya karya wuyan Alfred Pennyworth, mai hidimar gidan Batman, a gaban idon Damian, kuma shigar yaron Gotham ce ta jawo, bayan an gargaɗi dangin Batman kada su shigo. Mutum uku da suke tausasa shi, duk sun tafi cikin ɗan lokaci. Don haka da ya cire alamar R daga ƙirjinsa a 2020 ya bar ubansa, ni a wajena wannan ya yi daidai da halinsa ɗari bisa ɗari.

Abin da zan sa a matsayin ma'auni shi ne abin da yake so a ƙasan zuciya, wanda bai taɓa canzawa ba tun 2006: a ce masa ya cancanta. Da ya kawo kan Spook, wannan yake nema. Da ya nemo lu'ulu'u, wannan yake nema. Kurkukun ma ana iya karanta shi a haka, yaro ne ke son nuna cewa ya warware matsalar da ta gagari ubansa, wato miyagu su tsere daga Arkham, gidan da ake tsare su, su sake kisa. Hanya ta canza, buƙata tana nan. Marubucin da ya karya shi da gaske shi ne wanda zai rubuta Damian da bai damu da abin da Bruce ko Dick za su ce ba, ko wanda zai mayar da shi mai mugunta don jin daɗin mugunta. Tun asali ba haka yake ba. Bryan Q. Miller ya nuna wannan a Batgirl fitowa ta 17, inda Stephanie Brown, wato Batgirl, ta gane yaron bai san yadda ake wasa ba, ta kai shi gidan tsalle-tsalle na yara. Taurin fuskar sutura ce.

Mai Tawada ya amsa:

Ku duka kuna magana a kan labari, bari in kawo yadda ake haɗa littafin, domin rabin matsalar daga can take.

Damian ba mallakin marubuci ɗaya ba ne. A wata guda yana iya fitowa a littafin Batman, da na Teen Titans, da na Superman, kowanne da marubucinsa, kuma ba lallai edita ɗaya ke duba su ba. Ana rubuta labari watanni kafin ya fito, ana tallata shi ga shaguna tun ba a gama zane ba, saboda haka marubucin wannan littafi sau da yawa bai ga abin da ɗan uwansa ke rubutawa na watan ba. Ga misali ƙarara: Adventures of the Super Sons, fitowa 12 daga 2018 zuwa 2019, yana fita a watannin da labarin kurkuku ke fita. A ɗaya Damian na musun yara da Jon, a ɗaya yana tsare fursunoni. A tsarin labari na farkon ya faru ne kafin tafiyar Jon, amma mai saye ya ɗauko su rana ɗaya daga kanta ɗaya, dole ya ga yara biyu.

Ku lura kuma da dalilin da ya sa zangon 2006 zuwa 2016 ya haɗu da kyau. Tomasi edita ne a ofishin Batman lokacin da aka ƙirƙiro Damian, kafin ya koma rubutu. Gleason ya zana yaron shekaru kafin ya rubuta shi. Hannu kaɗan ne suka riƙe shi, kuma sun san shi tun daga tushe. Da hannaye suka yawaita sai tsagewa ta fara.

Sai matsalar littafin tawaga. A 2011 aka mayar da fitowa ɗaya ta DC shafi 20, da can 22 ce. Raba shafi 20 ga jarumai shida, ka cire na faɗa, kowa bai fi shafi biyu ko uku na magana ba. A irin wannan ƙunci kowane jarumi yakan koma siffa guda: wannan mai barkwanci, wannan mai haƙuri, wannan mai tada rigima. Damian kullum shi ake ba tada rigima, domin shi ne mafi sauƙi. Tausayinsa kuwa ba a baki yake ba, a aiki yake, kuma aiki na cin fili. Sai an ba shi gidan zane uku ko huɗu babu magana, yana shafa kan karensa Titus ko yana zane a littafinsa, kafin a gan shi. Waɗannan gidaje su ne farkon abin da ake yankewa idan shafi ya yi kaɗan. Shi ya sa ya fi kyau a littafin mutum biyu, shi da Dick, shi da Bruce, shi da Jon.

Akwai ƙananan alamu da mai karatu zai duba ya san ko marubuci ya yi bincike. Muryarsa ta manya ce, irin ta wanda malamai suka koyar a keɓe, ba ta yaran titi ba. Yana kiran mutane da sunan dangi: Grayson, Drake, Pennyworth, ubansa kuma da cikakkiyar kalmar girmamawa. Idan ya kira Dick da sunansa na yanka, ya kamata ya zama a wurin da zuciya ta karye, ba a kowane shafi ba. Tsakin nan nasa da ake rubutawa "tt" gishiri ne, sau ɗaya ko biyu a fitowa ya isa. Wanda ya zuba shi a kowace kumfar magana ya kwaikwayi sauti ne bai san yaron ba. Sannan a Batman Incorporated fitowa ta 1 ta 2012, bayan faɗa a mayanka, ya ceci saniyar da ya raɗa wa Bat-Cow ya ce ya daina cin nama. Duk wanda ya zana masa nama a faranti bayan wannan, ba tare da an faɗi dalili ba, ya nuna bai duba ba.

Zane ma hali ne. Babban jarumi ana auna tsayinsa da kai bakwai da rabi zuwa takwas, ɗan shekara 10 kuwa tsakanin shida da bakwai, da babban goshi, gajeren wuya, kafaɗa ƙarama. Masu zane da yawa sun saba da manya, sai su zana ƙaramin babba mai ƙwanji. Illar ita ce kalma ɗaya takan canza ma'ana. Ɗan ƙaramin yaro mai kumatu ya ce zai koya wa babba hankali, mai karatu ya ji tausayi da dariya tare. Saurayi mai faɗin ƙirji ya faɗi haka, sai ta zama barazana. Launin fatarsa da na idonsa ma suna yawo tsakanin masu saka launi, wani ya ba shi fatar da ke nuna dangin uwarsa da koren ido, wani ya mayar da shi Bruce ƙarami mai shuɗin ido. Takardar ma'auni guda, mai tsayi da launi da jerin yadda yake kiran kowa da abubuwan da ya riga ya daina, da ta rage wannan sosai idan kowane ofishi na aiki da ita.

Alƙalamin Zazzau ya amsa:

Malama Ummu Hanan, na karɓi gyaranki a kan cewa yaro na iya komawa baya, kuma ficewarsa ta 2020 ban da ja a kanta. Amma lissafin watanni bai goyi bayan sauran ba. Kurkukun ya bayyana a tsakiyar 2018. Harbin Dick a Batman fitowa ta 55 ne, a Satumban 2018, mutuwar Alfred kuma sai bayan shekara guda. Abin da ya zo daga baya ba zai zama sanadin abin da ya riga shi ba. Tafiyar Jon kaɗai ce ta yi kusa da lokacin, kuma ba a kanta aka gina labarin kurkukun ba.

Hujjojin da kika kawo masu ƙarfi ne, sai dai ke kika haɗa su daga littattafai uku daban. Aikin marubuci ne ya sa su a shafi. Idan sai mai karatu ya ɗinke ɓarakar da kansa kafin hali ya tsaya, to littafin bai yi aikinsa ba. Joshua Williamson ya fahimci haka a Robin na 2021 da Gleb Melnikov ya zana: bai share abin da ya gabata ba, ya sa Alfred yana bayyana wa yaron a zuci yana masa magana a tsawon gasar tsibirin Lazarus, ya sa 'yan uwansa masu tsohuwar rigar Robin suka biyo shi. Laifin da yake ɗora wa kansa ya fito fili, sai sassautawar da ta biyo baya ta zama abin yarda.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya. Malama ta ambaci Jon Kent. Shi an tsufar da shi lokaci guda, Damian kuma an bar shi yana tafiyar hawainiya. Wanne ya fi cutar da ɗorewar hali?

Ummu Hanan ta amsa:

Malam Alƙalami, batun watanni gaskiyarka ne, na janye Alfred da Dick daga hujjar fara kurkukun, na bar su a kan yadda abin ya ƙara muni daga baya.

Malam Ɗan Fagge, duba lissafin shekarun. Damian ya zauna a shekara 10 daga 2006 har 2016, inda aka nuna shi gaban kek na cika 13 a fitowar da ta buɗe sabon zangon DC mai suna Rebirth, don ya dace da tawagar matasa. A 2021 yana 14. Wato shekara 15 na bugawa, shekara huɗu na rayuwa, uku daga ciki an tsallake su a shafi ɗaya. Jon kuwa yana 10 lokacin da aka fara Super Sons a 2017, sai a farkon 2019, a rubutun Brian Michael Bendis, ya dawo daga sararin samaniya yana kusan 17, shekarun da ya yi a tsare an ba da su a taƙaice cikin 'yan fitowa.

Na Jon ya fi ciwo, domin abin da ake karanta shi dominsa shi ne yarinta a gidan iyayensa Clark da Lois, kuma ba a iya dawo da ita. Ya kuma taɓa Damian kai tsaye. Dangantakarsu ta tsayu ne a kan cewa Damian ya girmi Jon da shekara uku amma Jon ya fi shi tsayi da ƙarfi, shi kuma yana taƙama da ƙwarewa. A wajen Jon kaɗai yake zama yaya, a ko'ina ƙane ne ko ɗa. Da aka juya shekarun aka raba shi da wurin da yake koyon kula da na ƙasa da shi.

Tafiyar hawainiya tana da tata illar, ita ce ta haifi maimaicin da Malam Alƙalami ke kuka da shi. Jarumin da aka gina a kan girma, idan aka hana shi shekaru, sabon marubuci ba shi da gaba sai baya, sai ya sake ba da labarin yaro mai kisa da ke koyon tausayi. Mafita ita ce a ba shi sabuwar matsala da ta dace da shekarunsa. Batman and Robin na 2023 ya gwada haka da tura shi makarantar sakandare, inda takobi ba ya amfani. Da Phillip Kennedy Johnson ya karɓi littafin a fitowa ta 14 a 2024, ya kai shi aikin sa kai a asibiti, yana tambayar kansa ko dole ne hanyar taimakon mutane ta zama rigar Robin, ga kuma tarihin kakansa Thomas Wayne da yake likita. Girman kan yana nan, kaifin bakin yana nan, son a ce ya cancanta yana nan, amma tambayar da ke gabansa ba wadda ya amsa a 2012 ba ce.